Ganuwa Da Ƙofa: Rufe Iyakar Ƙasa Ba Ya Maganin Fasa-ƙwauri

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zaga birnin Kano ya san magabatanmu da suka gina ganuwa ba su gina ta a shafe ba. Tun daga zamanin Sarki Gijimasu, wanda tarihi ya ce shi ya fara aza harsashinta, har zuwa sarakunan da suka yi ta faɗaɗa ta daga baya, ba wanda ya ƙara wa ganuwa tsawo face ya bar mata ƙofa. Ga Ƙofar Mata, ga Ƙofar Ruwa, ga Mazugal da Kabuga da Na'isa da sauransu, kowace kuwa da sarkin ƙofarta, wanda aikinsa shi ne ya san mai shiga da mai fita, ya rufe in dare ya yi, ya buɗe in gari ya waye. Mutanen da suka yi wannan tsari sun rayu ne a zamanin yaƙi da hari, sun fi mu sanin tsoron abokan gaba, amma ba su yarda tsoro ya sa su toshe hanyar abincinsu ba, domin sun san garin da ayari ya daina shiga, ba a daɗewa kasuwarsa take zama kufai.

Na kawo wannan misali ne saboda batun da nake so in jawo hankalin malamaina da 'yan'uwana ɗalibai a kansa, wato yadda dokokin shige da fice da tsaron iyaka suke shafar fatauci da yawon buɗe ido. Zan fi tsayawa a kan iyakar Nijeriya da Nijar, domin ita ce ta ratsa tsakiyar ƙasar Hausa, kuma a kanta aka gwada rufewa har sau uku cikin shekara arba'in. Ra'ayina a taƙaice shi ne, kowace ƙasa tana da haƙƙin ta san wanda ke shigo mata da abin da ya ɗauko, amma rufe iyaka ruf, ko tsananta sharuɗɗan shiga har su gagari mai gaskiya, ba ya hana kaya tafiya. Abin da yake yi shi ne ya ƙwace cinikin daga hannun mai biyan haraji ya miƙa wa ɗan fasa-ƙwauri, sa'an nan ya kori baƙon da ya zo da kuɗinsa zai kashe.

Fatauci Ya Girmi Iyaka

Kafin zuwan Turawa, ayarin fatake kan tashi daga Kano ko Katsina ko Sakkwato ya nufi Gwanja neman goro, ɗauke da kanwa da rigunan saƙi da kayan fata. Tafiya ce ta watanni, a ratsa ƙasashen sarakuna dabam dabam kafin a kai kasuwar Salaga. Kada mai karatu ya zaci a wancan zamani wucewa kawai ake yi ba mai tambaya. Kowane sarki yana da fiton da yake karɓa, kuma aikin madugu ne ya shiga gaba ya daidaita da shi a madadin ayari duka. In an sauka zango, mai masauki shi ke lamunce wa baƙo, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, in rigima ta taso ya tsaya masa. Ashe ke nan tsarin shige da fice ba baƙonmu ba ne. Sai dai akwai wani linzami da yake riƙe sarakunan hanya: duk sarkin da ya tsauwala fito, ko ya bari 'yan fashi suka addabi hanyarsa, baɗi sai madugu ya bi da ayarinsa ta ƙasar maƙwabcinsa, shi kuwa ya tashi ba tsuntsu ba tarko.

Iyakar da muke magana a kanta kuwa, Turawan Ingila da na Faransa suka shata ta a kan takarda. A yarjejeniyarsu ta 1890 sun ja layi daga garin Sayi a bakin kogin Kwara zuwa Barwa a gaɓar tafkin Cadi, suka yi ta gyara shi a 1898 da 1904 da 1906, sa'an nan tsakanin 1906 da 1908 aka bi daji ana kafa turaku. Tsawonta ya kai kimanin kilomita 1,500, kuma jihohi bakwai na Nijeriya suka jingina da ita: Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Barno. Gaskiya ne ko da can Katsina da Maraɗi ba sarki ɗaya suke bi ba, haka Sakkwato da Tsibiri, har yaƙe-yaƙe sun sha yi. Amma harshe ɗaya ne, auratayya ba ta yanke ba, kasuwa kuma ba ta tsaya ba. Har yanzu dabbobi da wake da albasar Galmi suna gangarowa kudu, gero da masara da siminti da kayan masana'antu suna haurawa arewa. Wanda ya je Maigatari ranar Alhamis, ko ya leƙa kasuwar hatsi ta Dawanau, zai ga da idonsa cewa kowane ɓangare abincinsa yana hannun ɗan'uwansa.

Abin Da Tarihi Ya Riga Ya Nuna

A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busiya ta Gana ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fice. Cikin waɗanda abin ya rutsa da su akwai Yarabawa da Hausawan zango da Zabarmawa, waɗansu ma a can aka haife su, suka sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance suka hau mota. Shekara goma sha uku da 'yan watanni bayan haka, a Janairun 1983, sai gwamnatin Shehu Shagari ta yi irin wannan shela a Nijeriya, ita ma da wa'adin mako biyu. An ƙiyasta mutum wajen miliyan 2 suka fita, kusan rabinsu 'yan Gana. Abin mamaki shi ne, a lokacin ƙasashen biyu duk sun riga sun sa hannu a yarjejeniyar ECOWAS ta 1979, wadda ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ƙasar ba biza ya zauna har kwana 90. Korar ba ta ɗaga farashin man fetur da ya faɗi a kasuwar duniya ba, wanda shi ne ainihin ciwon Nijeriya a wancan lokaci. Abin da ta bari shi ne tabo tsakanin al'ummomi biyu, da sunan wata jaka da har gobe ake kira da shi.

A watan Afrilu na 1984 kuma gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa gaba ɗaya lokacin canjin kuɗi, ba a buɗe ba sai a Maris na 1986, zamanin Janar Babangida. Rufewar ta zo daidai da farin da ya auka wa ƙasashen Sahel, hatsin da aka saba kaiwa arewa ya yanke, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar wannan shekara suna El-Buhari. Mu ɗaliban harshe mun san al'umma ba ta raɗa wa shekara suna sai abin ya taɓa ta har ƙashi. Wannan suna kaɗai ya isa ya zama gargaɗi ga duk mai mulkin da zai zo daga baya.

Rufewar 2019

Ranar 7 ga Yuli, 2019, a birnin Yamai, Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniyar ciniki maras shinge ta nahiyar Afirka. Ranar 20 ga Agusta, wato bayan mako shida kacal, sai ta rufe iyakokinta na tudu. A watan Oktoba aka ƙara da cewa ba shigo da kaya, ba fita da su, ko da halastattu ne. A Nuwamba aka hana kai mai duk gidan man da ke cikin kilomita 20 daga bakin iyaka. Ba a sassauta ba sai ranar 16 ga Disamba, 2020, da aka buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfum. Jibiya da Kamba kuwa sai a Afrilun 2022.

Dalilan da gwamnati ta bayar ba na banza ba ne, kuma adalci ne a faɗe su. Jamhuriyar Benin tana sauke shinkafar Tailan da Indiya a tashar Kwatano fiye da abin da mutanenta za su iya ci, kowa kuwa ya san inda rarar take nufa. Man fetur da gwamnati ke biya wa tallafi a wancan lokaci, wanda a 2019 ake sayar da lita naira 145, ya riƙa silalewa zuwa maƙwabta inda kuɗinsa ya ninka haka. Ga kuma makamai da miyagun ƙwayoyi. Duk wannan gaskiya ne. Tambayar ita ce, shin maganin da aka sha ya dace da cutar?

Mu duba kasuwa. Bisa alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa, tashin farashin abinci yana kashi 13.17 cikin ɗari a watan Agustan 2019. Zuwa Disamban 2020 ya kai kashi 19.56. Ba zan ɗora wa rufe iyaka wannan duka ba, domin a tsakani an yi annobar korona, darajar naira ta faɗi, 'yan bindiga kuma sun hana manoma da yawa zuwa gona. Amma tun kafin korona ta iso, wata bayan wata farashin hawa yake yi, kuma ya soma ne daga watan da ya biyo bayan rufewar. Manomin shinkafa da mai injin casa sun sami ciniki, ba a musu, sai dai daga aljihun wa aka biya su? Daga aljihun lebura da malamin firamare da gwauruwa mai marayu, waɗanda yawancin abin da suke samu a bakin tukunya yake ƙarewa.

Shinkafar waje kuma ba ta ɓace daga kasuwa ba, hanya kawai ta sauya. Kayan da dā babbar mota ke ɗaukowa ta tsaya a ofishin kwastan, sai aka koma rarraba su buhu biyu buhu uku a kan babura, a bi ta gonaki cikin dare. Iyakar da ta kai kilomita 1,500, mafi yawanta fili ne fetal ba kogi ba dutse, sojan duniya ba zai iya tsare ta taku bayan taku ba. Sakamakon haka, kuɗin da ya kamata ya shiga baitulmali da rasiɗi sai ya koma na goro a shingayen hanya, ɗan fasa-ƙwauri kuma ribarsa ta ƙaru, tun da yake haɗari ya ƙara wa kayansa daraja. An kuma yi ta samun arangama tsakanin jami'ai da mutanen garuruwan iyaka, har da asarar rayuka.

Wa ya sha wuya? Mai gaskiya, wanda motarsa ta tsaya a layi da takardunta cikakku har tumatir ko albasa suka ruɓe. Masana'antun Legas da Kano da ke sayar da sabulu da robobi da takalma a ƙasashen Afirka ta Yamma, waɗanda aka hana su fitar da abin da suka ƙera da hannunsu. Mazauna Jibiya da Illela da Kamba, da aka mayar da sayen man babur ya zame musu tafiya. A ƙarshen 2020 kuma sai ta bayyana cewa waɗansu manyan kamfanoni ƙalilan sun sami izini na musamman suna fitar da kayansu ta iyakar da aka ce a rufe take. Dokar da babba ke tsallakewa da takarda, ɓarawo ya zagaye ta da babur, ƙaramin ɗan kasuwa kaɗai take kamawa.

Masu iya magana sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Abin da ke jan fasa-ƙwauri shi ne bambancin farashi tsakanin ɓangarorin iyaka. Muddin buhu ko jarka za ta ninka kuɗinta don kawai an tsallaka da ita wani fegi, to, za a sami mai tsallakawa, ko da kuwa ransa zai bayar. Gyaran wannan a Abuja yake, wajen masu tsara haraji da tallafi da masu samar wa manomi taki da ruwan rani. Ba a bakin shinge yake ba.

Rufewar 2023

Ta uku ta zo ne ta hanyar siyasa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, da ya kifar da gwamnatin Muhammadu Bazum, shugabannin ECOWAS suka taru a Abuja ranar 30 ga wata suka rufe iyakokinsu da Nijar, Nijeriya kuma ta yanke wutar lantarkin da take ba ta. Niyyar ita ce a matsa wa sojoji su mayar da mulki. Ni ba mai goyon bayan juyin mulki ba ne, amma sai mu tambayi kanmu abin da aka samu. Magani da abinci sun yi tsada a Nijar, kasuwannin dabbobi na wannan ɓangare sun yi sanyi, direbobi sun yi watanni suna kwana ƙarƙashin motocinsu. Sojojin kuwa ko gezau. Ranar 24 ga Fabrairu, 2024, ƙungiyar ta janye takunkumin ba tare da an biya mata buƙata ko ɗaya ba, aka buɗe iyakar a watan Maris. Daɗin daɗawa, Nijar da Mali da Burkina Faso suka ba da sanarwar ficewa daga ƙungiyar, ficewar kuma ta tabbata ranar 29 ga Janairu, 2025. Garin neman gira an rasa ido. Abin lura a nan shi ne, da ficewar ta zo, ɓangarorin biyu kowanne ya yi hanzarin shelar cewa jama'a za su ci gaba da shiga da fita ba biza. Wannan ya nuna su kansu masu mulki sun san zirga-zirgar talakawa ba abin wasa ba ce.

Baƙo Mai Ziyara

In an ce yawon buɗe ido, da yawa daga cikinmu sai mu hango Bature da kyamara a wuya. Lalle yana ciki, amma shi kaɗan ne daga masu ziyara. Mutumin Tawa da ya zo Hubbaren Shehu a Sakkwato, da Bakanon da ya tafi Maulidi Kaulaha ko Kiyota, da wanda ya tsallaka kallon kokawa ko bikin ɗan'uwa ko neman magani, duk baƙi ne masu kashe kuɗi a mota da masauki da abinci da tsaraba. Zumunta a ƙafa take, kuma duk inda ƙafa ta taka sai wani ya yi ciniki. Ranar da aka rufe iyaka, waɗannan su ake fara tsarewa, ba kuwa mai lissafa asarar mai tuwo-tuwo da ɗan tasha da mai sayar da tasbaha.

Game da baƙon nesa kuma, akwai bambanci tsakaninsa da falke. Falke dole ta fito da shi, zai jure wulaƙanci saboda jarinsa. Mai yawon buɗe ido kuwa ba dole a kansa, in ya ga ƙofarka da wuyar shiga sai ya wuce ta maƙwabcinka. Waɗansu ƙasashen Afirka sun gane haka. Tun 2014 Kenya da Yuganda da Ruwanda suka fito da biza guda ta dala 100, wadda baƙo zai zaga ƙasashen uku da ita har kwana 90. Daga Janairun 2018 Ruwanda ta ce ɗan kowace ƙasa ya zo, a ba shi biza a filin jirgi. A Turai, tun da yarjejeniyar Shengen ta fara aiki a 1995, biza ɗaya ke ratsa da mutum ƙasashe masu yawa, alhali kuwa ƙasashen nan sun gwabza manyan yaƙe-yaƙe biyu a ƙarnin da ya wuce.

Mu kuwa fa? Muna da abin nunawa. Hukumar UNESCO ta sa tsohon birnin Agadas cikin kayan tarihin duniya a 2013, ta karɓi bikin kamun kifi na Argungu a 2016, ta karɓi hawan sallar Kano a 2024. Daga marinar Ƙofar Mata zuwa fadar Sarkin Damagaram ba a kai kilomita 300 ba. A hankalce wannan hanya ɗaya ce, tarihi ɗaya, tsohuwar hanyar ayari daga Kano zuwa Azbin. Amma baƙon da ya fito daga wajen yankinmu sai ya nemi biza biyu, daga ofisoshi biyu, cikin harsuna biyu, sa'an nan ya shirya wa shingayen da ba ya iya ƙirgawa. Nijeriya ta ɗan motsa, ta faɗaɗa ba da biza a filin jirgi a 2020, ta koma ba da ita ta intanet a 2025, amma mai shigowa ta tudu har yanzu labarinsa dabam ne.

Mu ma kuma mun ɗanɗana a gidan wasu. Daga ƙarshen 2022 zuwa Yulin 2024 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta daina ba 'yan Nijeriya biza, 'yan kasuwarmu masu saro kaya a Dubai suka koma aike da hannun wasu. A 2024, a birnin Kigali, Alhaji Aliko Ɗangote ya koka cewa sai ya nemi biza 35 kafin ya zaga Afirka da fasfonsa na Nijeriya. In mai arzikin nahiyar duka yana wannan kuka, ina ga mai sayar da atamfa a Kantin Kwari?

Ba na so in wuce gona da iri in ce biza ce kaɗai ke korar baƙi. Agadas ta ishe mu misali. Abin da ya kashe yawon buɗe ido a can shi ne tawayen 2007 zuwa 2009, da soke tseren motocin Dakar a 2008, da sace Turawa a Arlit a 2010. Direbobin da suka saba kai baƙi kallon Tenere suka koma jigilar masu neman zuwa Libiya. A 2013 aka tsinci gawarwaki 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance. A 2015 gwamnatin Nijar, da matsin Tarayyar Turai, ta kafa dokar hana safarar baƙin haure, aka kama direbobi, aka ƙwace motoci. Tafiyar ba ta tsaya ba, sai dai direbobi suka riƙa kauce wa rijiyoyin da jami'ai ke tsaro, suna bin hanyoyin da suka fi haɗari, kuɗin mota kuma ya hau. An soke dokar a Nuwamban 2023. Darasin dai shi ne wanda muka gani a kan shinkafa, sai dai a nan rayukan mutane ne a kan sikeli.

Me Ya Kamata A Yi?

Na san za a ce da ni, yaro, kana zaune a jami'a kana zancen buɗe ƙofa, alhali 'yan bindiga na yawo da makaman da suka shigo ta iyaka. Amsata ita ce, mai ɗauke da bindiga bai taɓa bin layi a ofishin shige da fice ba, saboda haka rufe ofishin bai rage shi da kome ba. Hasali ma, in aka tilasta wa dubban masu neman abinci bin hanyar daji, an sama wa mugu taron da zai ɓuya a ciki, an kuma mayar da mutanen ƙauyen iyaka abokan gabar jami'an tsaro, alhali su ne suka fi kowa sanin baƙuwar fuska. In ƙofa na buɗe kuma da sauƙin bi, duk wanda aka gani yana haura katanga an san abin da yake.

Don haka ga 'yan shawarwarina. Na farko, kada a ƙara rufe iyaka gaba ɗaya saboda ciniki ko siyasa sai da yardar majalisa, da dalili a rubuce, da ranar buɗewa. Na biyu, a bayyana abin da za a biya a kan kowane kaya, a biya a wuri ɗaya, a karɓi rasiɗi, a rage shingayen da ke tsakanin iyaka da manyan kasuwanni. Ofishin haɗin gwiwa irin wanda aka buɗe a Seme a 2018, inda jami'an ƙasashe biyu ke aiki a rufi ɗaya, ya kamata a yi irinsa a Illela da Jibiya da Maigatari. Na uku, a yi wa ƙananan 'yan kasuwa da mazauna bakin iyaka tsari mai sauƙi, katin shaida ya wadatar da su. Na huɗu, a farfaɗo da hukumar haɗin gwiwa ta Nijeriya da Nijar, wadda aka kafa tun 1971, domin ita ba ta dogara da ECOWAS ba, kuma ta nan za a iya tattauna biza guda ga mai ziyarar ƙasashen biyu. Na biyar, Nijeriya ta amince da yarjejeniyar zirga-zirgar jama'a ta Tarayyar Afirka ta 2018, wadda har zuwa 2023 ƙasashe huɗu kaɗai suka tabbatar da ita, cikinsu har da Nijar.

Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyanmu, mu na sashen Hausa. A kan wannan iyaka jami'in wannan ɓangare da Ingilishi yake rubutu, na wancan da Faransanci, amma da Hausa ake ciniki, da ita ake roƙo, da ita ake karɓar na goro. Yawancin masu tsallakawa ba su taɓa ganin dokar da ake tsare su da ita ba cikin harshen da suke ji, wanda bai san haƙƙinsa ba kuwa kome aka ce ya biya sai ya biya. Me zai hana sashenmu ya haɗa kai da takwarorinsa na Yamai da Damagaram a fassara dokokin kwastan da na shige da fice, da boko da ajami, a liƙa a tashoshi, a karanta a rediyo? In mun yi wannan, mun nuna karatunmu yana da amfani a wajen aji.

Kammalawa

Sau uku aka rufe wannan iyaka, a 1984 da 2019 da 2023, sau uku kuma aka buɗe ta ba tare da an kawar da abin da ya sa aka rufe ba. A kowane karo talaka ne ya biya, a wannan ɓangare da wancan, kuma hana wani hana kai ne. Magabatanmu sun gina ganuwa mai kauri, suka naɗa sarkin ƙofa, suka yanka fiton da falke zai iya biya ya kuma dawo baɗi. Abin da muke nema ga shugabanninmu na yau bai wuce wannan ba: a tsare ƙofa da idon basira, a sauƙaƙa wa mai gaskiya, a bar ayari ya wuce. Allah ya ba su ikon gyarawa, mu kuma ya ba mu ikon faɗa musu gaskiya, amin.